Tafin Hannu Ɗaya a Jikin Hano

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ɗa ga uwa, da durƙuso har ƙasa, ina fatan makwancinki ya yi faɗi, ya yi sanyi, ya yi haske. Mu nan muna lafiya gwargwadon yadda zafin bazara ya bar mutum. Na san takarda ba ta isa inda kike, kuma ko da tana isa, sai an nemo mai karanta miki. Na kuma san a waya nake rubutawa, inda abokan kasuwa da 'ya'yan maƙwabta za su leƙa. Su leƙa ɗin. Da ma ke ba ki taɓa faɗar magana a ɗaki wadda ba za ki iya maimaita ta a bakin rijiya ba.

Dalilin wannan wasiƙa, da farko, shi ne in sanar da ke an yi miki takwara. Rabi ce ta haihu, 'yata ta fari, wadda kika bari tana koyon tuƙa tuwo tana ƙona hannu. Mace aka samu. Mijinta mutumin Kiyako ne, yaro mai kunya, shi ya ce a sa sunanki tun ban roƙa ba. Da yake bakinmu ba ya iya kama sunan, Ummi muke ce mata. Ta ɗauko goshinki, ta kuma ɗauko kallon nan naki na wanda aka yi wa tayin da bai yarda da shi ba.

Haihuwar ba ta zo da sauƙi ba. Sai da aka kai ta asibiti a Birnin Kudu, aka ƙara mata jini, aka sallamo ta da magunguna da gargaɗi. Allah ya saka wa likitocin, sun yi nasu. Aka dawo da ita gida wanka, nan ƙauyenmu na ƙasar Zandam, ɗakinki aka share mata. Yaya Hajara ta tattaro kayanta ta tare. Ita ce mai ruwan zafi, ita ce mai kunu, ita ce kuma alƙalin gidan, kin dai san 'yarki. An ce mata a rage zafin ruwa, a rage kanwa. Ta rage, amma da ƙunƙuni, kamar an taɓa mata gado.

Kashegarin suna na shiga gaishe su. Rabi tana kwance, ta yi fayau, leɓɓanta sun bushe. Ta kama bakin rigata yadda take yi tana ƙarama in za ni kasuwa, ta ce, "Baba, wankan Inna nake so."

Ke kin san abin da take nufi, saboda masu leƙe zan faɗa. Mutane da ganyen darbejiya suke wankan jego, su ga sun gama. A gidanmu ba haka ba ne. Duk macen da ta haihu a gidan nan, ke kike hawa dutsen da ke cikin gandun daji, ki haɗo ƙunshi tun daga gindinsa har ƙolinsa: ganye daga fili, ganye daga kurmi, sannan sassaƙen hano daga can sama, shi ne shugaban tukunya. Da shi aka yi wa Yaya, da shi aka yi wa uwar Rabi lokacin haihuwar Rabin. Yarinyar nan ta tashi tana jin labarin, kuma ta kusa mutuwa, ta dawo, wannan ne kaɗai abin da ta roƙe ni.

Na ce mata an gama. Kin san bakina. Ke kika fara cewa, "Haladu, bakinka ya fi ƙafarka sauri." Da bakin nan nake ci har yau. Daga Birnin Kudu zuwa Sara, in aka ce Haladu dillali, an san wanda zai samo wa mutum zoɓo a tsakiyar damina, ya samo riɗi ana cikin shuka. Sassaƙen itace guda ne zai gagare ni? Yaya ta dube ni daga sama har tumbi, ta ce ita dai da gwiwoyinta suna nan da ba ta aiki kowa ba.

Rabona da hawa dutsen nan tun hawanki na ƙarshe, ranar da kika zauna hutawa sau da yawa kina cewa kallon gari kike. Tun daga nan a kan babur nake wuce shi, in ɗan waiga, irin waigen da mutum yake yi wa gidan ɗan'uwan da ya daɗe bai gaisar ba.

Na fara biyawa ta wurin malamin daji, don gandun har yanzu na hukuma ne, kuma dokar tana nan yadda kika bar ta: ba gatari, ba wuta, ba noma, amma mai wuƙa da ƙwarya da ya zo neman na gida ba a hana shi. Ba ki san wannan malamin ba. Bulus sunansa, Kirista ne daga kudancin Bauchi, ya daɗe a nan har ya fi ni karin magana. Shi kaɗai ne da wani tsohon babur a kan dajin da in ka tsaya a wannan baki ba ka hango wancan. Na kai masa goro. Ya karɓa hannu biyu, ya ce shi ba ya ci, amma matarsa tana sayarwa, Allah ya amfana. Da na faɗa masa abin da ya kawo ni, da halin da Rabi take ciki, sai ya yi shiru, ya ɗauki sandarsa, ya ce zai raka ni. Ban so shirun nan ba. Ɗan kasuwa ya san shirun mai kaya in kayan sun ƙare.

Inna, turakun siminti na iyakar gandu suna nan, sai dai gonaki sun wuce su sun bar su a baya. Na ga wanda aka ɗaure jaki a jikinsa, a tsakiyar kunyoyin gero.

Kin tuna filin gamba na gindin dutse, inda ciyawa take shanye mu har kai, kina tafe kina buga ƙasa da sanda saboda maciji? An ƙone shi, 'yan farautar gafiya. Toka ce har idon sawu. Amma a cikin tokar na ga rawaya ta fito, furen nan nata ruwan ɗorawa a manne da ƙasa, babu ganye babu kara. Na tuna kina tonon saiwarta kina daka wa miya don ta yi kala ranar da babu manja, kina cewa baƙo da ido yake fara ƙoshi. Na tsaya a kanta fiye da yadda ya kamata babban mutum ya tsaya a kan fure.

Sabara tana nan. Geza tana nan, kalgo yana nan. Su ne talakawan itatuwa, a sare su, a ƙone su, a sa musu awaki, gobe su tofo. Na ɗebi ganyensu ba wahala. Amma marke da ke tsaye a layi kamar masu jiran sallah, babu. Ƙiryar da kike cewa gatari yana jin tsoronta, an kawo mata injin da ba ya jin tsoron kowa. Madobiya kuwa Bulus ya ce manyan motoci ne suka kwashe ta, tun kafin a turo shi. Abin da ya rage kututtura ne da baƙaƙen ramukan gawayi. Ba zan yi miki wa'azi a kan masu gawayi ba, na san su, na san 'ya'yansu, kuma shayin da nake sha kullum a tasha ba da hasken rana ake dafa shi ba.

Ke kika koya mini cewa dutse unguwa-unguwa ne. "Na ƙasa ba ya hawa, na sama ba ya sauka, kowa ya san gidansa." Kina tafe kina kiran sunayensu kamar mai gaida maƙwabta: ga taura, ga tsada, ga gwandar daji, ga kokiya, wannan tawatsa ce kada ka haɗa ta da ɗorawa. Ni kuwa hankalina yana kan abin da ake ci. Sai da na girma na shiga kasuwa na gane tsarin. Ga layin 'yan hatsi, ga na 'yan koli, ga na masu ƙwarya, ga mahauta can gefe. Kasuwa ba yawan mutane ba ce, yawan iri ce. Ranar da ka shiga ka tarar kowace rumfa abu ɗaya take sayarwa, to kasuwar ta tashi, ko da kuwa ana ta hayaniya. Daga nesa dutsenmu har yanzu kore ne, Inna. Sai ka shigo ka ga 'yan rumfuna kaɗan ne suke ta maimaita kansu.

Kurmi ya ɗan sanyaya mini rai. Kwazazzabon nan da ke tsakanin duwatsu biyu, inda rana ba ta sauka sai ta take tsaka. Malmo yana nan a bakin ruwa, giyayya tana nan, tsamiyar nan mai kogo tana nan, kanya ta zubar da 'ya'ya birai sun yi ɓarna. Wahalar shiga ce ta cece su, mota ba ta zuwa, jaki ma sai ya yi shawara. Idon ruwan da ke ƙarƙashin falalen dutse, wanda kika ce tun kakanninki bai taɓa ƙafewa ba, ya koma danshi. Na tona da hannu kafin ruwa ya taru cikin tafi.

A nan na yi wani abu ban sani ba. Na ɗebi laka na ƙulle a leda na jefa aljihu. Sai da muka yi nisa na ji nauyinta a cinyata, na tuna dalili. A nan kike cika ƙoƙonki da laka duk hawan da za mu yi. Kai ya manta, hannu bai manta ba.

Daga kurmi zuwa sama, Allah ya isa tsakanina da tuwon dare. Dutse ya ɗau zafi kamar tanda. Ina hawa ina haki, Bulus yana gaba yana tambayata ko a kira mini ɗan acaɓa. Na ce masa in ya ga dama ya zo kasuwar Sara ranar da take ci, in ga yadda zai yi da masu awo. Muka wuce kukuki mai santsin jiki, muka wuce dashi, muka wuce gamjin nan da ya tsaga dutse biyu ya zauna a tsakani kamar mai unguwa. Itatuwa sun fara tofo tun ruwa bai sauka ba, yadda suka saba, su ne kaɗai masu ba damina amana tun ba su gan ta ba.

Sannan muka iso unguwar hano.

A da, tun kafin ka gan su hancinka yake sanar da kai, ƙamshin ƙaron nan mai kama da turaren wuta. Ɓawonsu yana ɓarewa siriri kamar takarda, iska tana kaɗa shi. Suna da yawa, ban taɓa tunanin ƙirga su ba, wa yake ƙirga abin da ba ya ƙarewa? Yanzu suna nan tsaye a wurarensu, farare, busassu, kamar ƙasusuwa. Ba wanda ya sare su. Babu sawun gatari ko ɗaya. Fatar kawai aka cire musu, daga ƙasa har iya inda hannun dogon mutum yake kaiwa.

Na wuce su na nufi Tsohuwa, babbar nan da ke cikin tsagar dutse, wadda kike yi wa sallama kafin ki taɓa ta.

Ina iya ganinki a gabanta. Ki yi bisimilla, ki juya ki duba inda rana take fitowa, ki ɗora tafin hannunki a jikinta, ki zaga shi da bakin wuƙa. Ki zagaya yamma ki yi haka. Sannan ki ɗebo laka ki shafe ciwon da yatsu, a hankali, kamar mai shafa wa jariri mai. Kina cewa, "Gabas tafi ɗaya, yamma tafi ɗaya. Kudu da arewa rigarta ce. Wanda ya yi maka kyauta ba ka barinsa tsirara." In kuma kika tarar tsohon ciwo bai rufe ba, sai ki ce yau Tsohuwa ba ta da lafiya, mu je wurin ƙannenta.

To Inna, maganarki ta yi nisa, sai dai rabinta ne ya tafi. Kowa a ƙasar nan ya san sassaƙen magani na gabas da yamma ne. Masu magani na kasuwa, masu lasifika a kan mota, da hano suke maganin basir da shawara da sanyin ƙashi da duk ciwon da mai saye ya ambata, kuma ba za su karɓi sassaƙen da ba na gabas da yamma ba, sun ce ba ya ci. Masu ɗebo musu da buhu su ma sun kiyaye. Kowa ya zo sai ya yi bisimilla, ya duba rana, ya sa wuƙa a gabas. In ya tarar an riga shi, sai ya matsa kaɗan, ai nan ma gabas ne. Na bayansa ya ƙara matsawa. Haka a yamma. Gabas ta yi ta faɗi, yamma ta yi ta faɗi, har suka zagayo suka gaisa. An riƙe alƙibla, an yar da ma'auni, an yar da laka, an yar da haƙurin komawa gida hannu wofi.

Bulus ya zauna a kan dutse yana fifita da hula. Ya ce, "Mai gatari na san yadda zan yi da shi. Amma mutum ya zo da 'yar wuƙa, ya yi addu'a, ya yanki na maganin uwarsa, in kama shi in ce ya yi me? Duk waɗanda suka kashe itatuwan nan masu ladabi ne."

A jikin Tsohuwa kudu ta riga ta tafi. A arewa, ta wajen da ta jingina da dutse, inda hannu ba ya shiga sai an rusuna, saura wani zirin ɓawo mai rai, daga ƙasa zuwa sama. Na ɗora hannuna, faɗinsa tafi ɗaya. Ta wannan zirin kaɗai take sha. Rassan da ke samansa sun yi tofo, har da ragowar fure. Sauran duk sun bushe.

Bulus ya tashi ya ce zai je ya duba wani hayaƙi da ya hango. Babu wani hayaƙi. Ya san halin da Rabi take ciki, ya ba ni bayansa ne kawai.

Na fito da wuƙa. Ba zan ɓoye miki ba, na yi ciniki, kuma ban taɓa haɗuwa da abokin ciniki mai taurin kai kamar kaina ba. Na ce rabin zirin zan ɗauka. Na ce to, yatsa biyu. Na ce in ban ɗauka ba, jibi wani zai rusuna ya gani, ya ɗauka ya kai wa mai lasifika a sayar wa wanda ƙoshi ne kawai yake damunsa. Na ce itacen nan ko da ni ko ba ni tafiya za ta yi, 'yata kuwa guda ce, kuma na yi mata alkawari a gaban Yaya. Duk maganganun nan gaskiya ne, har yanzu ban sami ƙarya a cikinsu ba.

Da na rusuna, ledar laka ta tokare ni. Na ciro ta ina dubawa. Laka ta mai rai ce, Inna, don ciwon da zai warke ake ɗebo ta. In na yanke zirin nan, me zan shafa wa? Sai in yi bisimilla, in yanka, in shafe gawa da laka, in sauko in ce na yi yadda Inna take yi?

Na mayar da wuƙa kube. Sannan na yi abin da na iya. Shekara da shekaru ina kallon yadda ake gyara fuskar buhu, a sa mai kyau a sama don a rufe na ƙasa. Ranar nan na juya sana'ar. Na shafe zirin nan da laka tun daga ƙasa har iya tsawona, na watsa masa ƙasa da busasshen ganye, na turo wani mataccen reshe na tokare wurin. Duk wanda ya leƙa zai ga kamar gara ce ta gama da ita. Ban taɓa ɓata kaya mai kyau don kada a saya ba sai ranar. Ruwan farko zai wanke dabarata, na sani. Amma da damina masu buhu suna gona.

Da Bulus ya dawo daga hayaƙinsa, ya dubi laka, ya dubi hannuna. Can ya ce hano yana kamawa in an dasa reshensa gab da saukar ruwa, mutanensu da shi suke shinge. Ya hau da kansa, ya zaɓi reshe mai rai kaurin damtsen yaro, ya yanke shi da kyau, ya raba biyu. Ɗaya nasa, ɗaya nawa. Ya ce in Tsohuwa ta tafi, kada ta tafi ba magaji.

A hanyar dawowa na ratsa ta wata 'yar kasuwar ƙauye da take ci ranar. Ga mutumina mai lasifika ya buɗe bayan mota, muna shan shayi tare, ba zan kama sunansa ba. Ga buhun hano a gabansa, ja, ɗanye, ƙamshinsa har titi. Ya ji labarin haihuwa, ya yi mini barka, ya cika hannu biyu ya miƙo mini kyauta. Yana ta rantsuwa duk na gabas da yamma ne, shi ba ya karɓar na kudu.

Nan ne na fi shan wuya, fiye da kan dutse. An riga an sassaƙo, karɓata ba za ta ƙara wa kowa ciwo ba, Yaya kuma ba za ta taɓa sani ba. Amma ni dillali ne, na san yadda buhu yake. Ramin da hannu ya bari a cikinsa, ko na saye ko na kyauta, ba ya kwana biyu sai an aika a cike shi, kuma na ga wurin da ake cikowa. Na ce masa na gode, an riga an haɗa. Ya bi ni da kallo kamar na zagi mahaifinsa.

Yaya ta kwance ƙunshi a tsakar gida, tana ɗagawa tana sunsunawa. Sabara, geza, kalgo, malmo, giyayya, tsamiya. Ta juya zanen ta kakkaɓe. Ta tambaye ni ina hano. Na fara bayani, ta ce in ajiye wannan zaƙin bakin sai ranar kasuwa, ita ta san a kurmi na tsaya na yi barci. Sai na kwanto reshen daga bayan babur na nuna mata. Ta karɓa, ta kankare shi da farce, ta kai hanci. Fuskarta ta saki. Ta ce to ai ga hano nan, me ake jira, a miƙo mata wuƙa.

Ban yi tunanin wannan ba, wallahi. Ni da nake taƙama ba a yi mini shigo-shigo. Ɓawon da ke jikin reshen zai yi tukunya ɗaya, wataƙila biyu, sannan sandar ta zama ta hura wuta. Na ce dasawa za a yi. Ta ce 'yarka tana kwance kana zancen shuka. Muryoyinmu suka tashi har jaririya ta farka.

Rabi ce ta yi kira daga ɗaki, ta ce a kawo mata ta gani. Na shiga da shi, na ba ta labarin Tsohuwa a taƙaice, ban ƙara gishiri ba, karo na farko a rayuwata. Ta riƙe reshen a ƙirji, ta daɗe tana shaƙar wurin da aka yanke. Ta ce, "Ƙamshin zanen Inna ne." Hawaye ya gangaro mata ta gefen kunne. Sannan ta dubi Ummi, ta miƙo mini, ta ce, "A dasa mata, Baba. Ni na ji ƙamshin."

Na dasa shi a bayan ɗakinki, inda kike shanya kuka, na kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Aka yi wanka da abin da ya samu.

Ba zan ce miki komai ya yi daidai ba. Rabi tana samun sauƙi, amma a hankali. Mun koma asibiti, sun ce jini yana dawowa, a ci gaba da magani da abinci. Sai dai duk sanda jiri ya ɗebe ta, ko ta ture kwano, Yaya dubana kawai take yi, kuma na fi son zagi da wannan duban. Gaisuwata ma da ka take amsawa. Ni kaina in na ga yarinyar nan ta dafa bango, sai in ji ina sake cinikin daga farko. Ban sani ba ko na kyauta. Da kina nan da kin faɗa mini cikin kalma uku, ki ci gaba da tsince wakenki.

Na gaji, Inna. Ciwon cinya ya tafi tuni, ba shi nake nufi ba. Na gaji da zama a cikin mutanen kirki da abubuwa suke ƙarewa a hannunsu, kuma ni ɗaya ne daga cikinsu. Na gaji da sanin farashin kowane abu a kasuwa uku, alhali sunayen da kika koya mini a kan dutse suna zubewa daga kaina ɗaya bayan ɗaya. Akwai wani ɗan itace mai jan ganye da na gani a bakin kurmi, na san kin taɓa gaya mini sunansa da amfaninsa. Na tsaya a gabansa kamar wanda ya haɗu da ɗan'uwa a tasha ya manta ko ɗan wa ne. Bulus ya san sunansa da yarensu. Da namu, babu wanda zan tambaya.

Reshen bai yi tofo ba tukuna, bai kuma bushe ba. Hadari yana haɗuwa ta gabas da yamma-yamma, ya watse. Kullum in zan fita sai na leƙa shi, in kankara kaɗan in ga ko da sauran kore.

Shekaranjiya da safe na leƙa, sai na tarar an shafe kansa da laka, daidai wurin da wuƙa ta yanka, inda rana take dukansa. Ni ban yi ba, hankalina ma bai kai nan ba. An shafa a hankali, an lailaye gefe, ga shatin yatsu nan gajeru masu kauri. Gidan nan mutum ɗaya ce take da irin yatsunki. Na dawo tsakar gida na tarar da Yaya tana hura wuta a ƙarƙashin tukunyar wanka, na gaishe ta, ta amsa da ka. Ban tambaya ba, ita ma ba ta ɗago ba. Akwai laka a gefen zanenta.

Allah ya jiƙanki, Inna, ya yafe miki, ya sa kina cikin inuwar da ba a sassaƙa. Allah ya ba Rabi lafiya, ya raya takwararki, ya nuna mata ranar da za ta ɗora tafinta a jikin itacen nan ta tsaya a iya tafin. Allah ya saukar mana da ruwa mai albarka, ya ba Tsohuwa ko da damina ɗaya ce. Mu kuma da muka rage, Allah ya sa mu cika da kyau, ya haɗa mu da ke.

Ki huta lafiya.

Ɗanki,
Haladu, wanda har yanzu bakinsa ya fi ƙafarsa sauri, sai dai wannan karon ƙafar ta kai har sama.